Ciwon Raini, da Maganin da 'Ya'yanmu Ke Gani a Waya

Wani dare bayan isha'i, wani saurayi ɗan unguwarmu ya tsaya a kantin maganinmu har masu saye suka watse. Sannan ya rage murya ya ce, "Kawu, da gaske ne akwai naman kaza da ke wanke baƙin ciki?" Ya nuna mini bidiyon wasu baƙaƙen fata na Amurka suna cewa ya raba su da raɗaɗin wariyar launin fata. Na ce, "Ɗana, me ke damunka?" Ya ce wata uku ke nan bai yi barcin kirki ba. An hana shi yarinyar da yake so, an ce masa takaruni, alhali a Madina aka haife shi, haka ma mahaifinsa.

Iyayena dattawa, wannan ciwo gaskiya ne. Kakanninmu sun tako daga Kano da Sakkwato da Katsina, sun ratsa Sudan, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, don son maƙwabtaka da Manzon Allah (SAW). A birnin nan Sayyidina Bilal ya yi kiran salla. Duk da haka akwai bakunan da ba su daina jifan 'ya'yanmu da launinsu ba. Raini idan ya daɗe yana hana barci da cin abinci, ya sa mutum ya guje wa jama'a. Likitoci na kiran wannan ciwon damuwa, kuma yana da magani.

To, mene ne gaskiyar abin da yaron ya gani? Akwai sinadarai masu juya gani da ji da tunani, kamar silosibin da ke cikin wani nau'in naman kaza, da LSD, da MDMA. Masana na gwada su a kan damuwa mai tsanani. A Yulin 2023 Ostareliya ta yarda wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosibin da MDMA a ƙarƙashin kulawarsu. Amma a Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da MDMA, ta nemi ƙarin gwaji.

Sannan a kan wa ake gwajin? Wani nazari na 2018 ya duba gwaje-gwajen da aka yi daga 1993 zuwa 2017, ya tarar sama da kashi 80 cikin 100 na mahalarta farare ne, baƙaƙen Amurka ba su kai kashi 3 ba. Can baya kuwa, a shekarun 1950, an yi ta ɗura wa fursunoni LSD a Lexington ta jihar Kentaki, da yawansu baƙaƙe, wasu har kwana 77 a jere. Lokacin haɗari an sa mu gaba, lokacin neman waraka an bar mu baya.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a sha'anin tsiron da ke juya hankali. Mun san zaƙami. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya sa zuciya gudu, fitsari ya ƙi fita, mutum ya yi ta sambatu, wani ma ya rasa ransa. Naman kazan ba zaƙami ba ne, amma shi ma yana iya tayar da taɓin hankali ga wanda ake da shi a danginsu. Abin da ake saya a ɓoye kuma ba mai sanin me ke ciki. A ƙasar nan duk haramtattu ne, hukuncinsu mai tsanani, ga kuma matsayin addininmu kan abin da ke gusar da hankali. Kada a gudu gara a faɗa gidan zago.

Abin da na gaya wa yaron shi zan gaya muku. A je cibiyar lafiya ta unguwa, ko a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Magungunan damuwa kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji daɗinsu sosai, kada a yanke su ba da sanin likita ba. Zama da masanin halayyar ɗan Adam ma magani ne. Wanda ya riga ya faɗa shaye-shaye, doka ta buɗe masa ƙofa idan ya kai kansa neman magani.

Sauran aikin namu ne a gida. Idan ɗanku ya ce an zage shi da launinsa, kada "yi haƙuri" ta zama ƙarshen magana. Ku zaunar da shi, ku saurara, ku ba shi tarihin gidansu. Yaron nan ya dawo bayan wata biyu da takardar likita. Ya ce barci ya fara dawowa, kuma ranar da ya gaya wa mahaifinsa, tsohon ya yi shiru, sannan ya ce shi ma an taɓa yi masa haka.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kare mana zuriya.