Salamandar Mekziko da Madobiyarmu: Me Ya Haɗa Su?

Da yawanmu mun haddace matakan rarraba halittu don jarrabawa kawai, muna fitowa muka watsar. Bari mu ɗora su a kan halittu biyu mu ga amfaninsu.

Ta farko salamanda ce da ake kira axolotl, a kimiyyance Ambystoma mexicanum. In ka ga hotonta za ka rantse ƙadangare ne, amma 'yar uwar kwaɗo ce, ajinsu ɗaya, Amphibia. Dangin nata Ambystomatidae. Ba ta barin ruwa har ta mutu, kuma in ƙafarta ta guntule sai wata ta tsiro, shi ya sa masu bincike ke ji da ita. Ta biyu kuwa tamu ce, madobiya, Pterocarpus erinaceus, daga dangin Fabaceae. Ma'ana dai, wannan ƙatuwar bishiya gidansu ɗaya da wake da gyaɗa. Tun a matakin masarauta suka rabu: wannan dabba, waccan tsiro.

Inda suka haɗu shi ne jerin halittun da ke cikin haɗari na ƙungiyar IUCN. Tun 2006 axolotl ke matakin "gab da ƙarewa", mataki mafi muni ga halittar da ke da saura a inda take rayuwa. Ba ta da gida sai magudanan ruwan Xochimilco a birnin Mekziko, inda ƙidaya ta faɗo daga kimanin 6,000 a murabba'in kilomita a 1998 zuwa 36 a 2014. Ƙazantar ruwa ta ci ta, ga kifayen da aka zuba suna cinye 'ya'yanta, har da karfasa, wadda asalinta daga Afirka take. Abin mamaki, a ɗakunan bincike da gidajen masu kiwo tana nan birjik.

Madobiya mataki ɗaya take ƙasa da haka, "cikin haɗari", tun 2018. Katakonta ne ya jawo mata: ana sarewa, musamman a Taraba, ana lodawa zuwa Sin don kujeru masu tsada. Su biyun suna rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a fitar da su ƙasashen waje sai da izini.

A ganina madobiya ta fi ban tsoro duk da matakinta. Axolotl na iya hayayyafa cikin shekara guda a tanki. Madobiya sai ta shekara gommai kafin ta isa yanka katako.