Lissafin Sa'o'in Masu Ba da Shawara: Daga Littafin Malamin Gona zuwa Manhajar Waya

A gonakin da suka kewaye birnin Kano ta arewa, daga Bacirawa da Ungogo zuwa Minjibir da Dawakin Tofa, akwai ma'aikatan da ba sa riƙe fartanya, amma aikinsu yana da hannu a cikar rumbu ko rashin cikarsa. Waɗannan su ne masu ba da shawara: malamin gona, da likitan dabbobi, da mai awon fili, da akanta mai duba littattafan ƙungiyar manoma, da ƙwararren da hukuma ko kamfani ke ɗauka na ɗan lokaci domin ya tsara wani shiri. Hajarsu ilimi ce da lokaci, waɗanda ba a auna su da kwano kamar yadda ake auna gero a kasuwar Dawanau, don haka tambayar da ta daɗe tana damun mai biya da wanda ake biya ita ce yadda za a san gwargwadon aikin da aka yi, da kuma haƙƙin da ya dace da shi.

Wannan tambaya tana da nauyi na musamman a yankin nan saboda yanayin ƙasarsa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960 lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa jama'a sun yi yawa ƙwarai a nan, gonaki ƙanana ne saboda rabon gado, kuma ana noma su kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba, abin da ke riƙe ƙarfinsu shi ne takin dabbobi da sharar birni. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a ɗan fili, cikin damina ta wata huɗu ko ƙasa da haka, ba shi da damar jiran shawarar da ta makara, domin maganin tsutsa da aka faɗa masa bayan ta cinye ganye ba shi da sauran amfani.

Manoman Hausa sun daɗe da hanyoyi biyu na biyan aiki. Akwai ƙwadago na yini, inda ake biyan mutum bisa lokacin da ya ɗauka, galibi daga safe zuwa azahar, akwai kuma jinga, inda ake yin ciniki a kan aikin gaba ɗaya, ko ya gama da wuri ko ya daɗe. Fiƙihun Malikiyya, a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ya sharɗanta cewa ladan ya zama sananne, kuma a san aikin ko tsawon lokacinsa, domin a toshe ƙofar jayayya. Biyan ƙwararru bisa sa'a ɗan'uwan ƙwadago ne, sai dai bambancin shi ne mai gona yana ganin ɗan ƙwadago da idonsa, alhali aikin mai ba da shawara yakan gudana a hanya, ko ta waya, ko a ofis inda babu mai gani.

A ƙasashen Turai da Amurka, lauyoyi ne suka fara mayar da wannan lissafi tsari. Ana danganta shi da Reginald Heber Smith, wani lauya na birnin Boston, wanda a farkon rabin ƙarni na 20 ya sa ma'aikatan ofishinsa su riƙa rubuta lokacin da kowace shari'a ta ci. Daga nan aka saba raba sa'a gida 10, kowane kashi minti 6, ta yadda kiran waya na minti 18 zai shiga littafi a matsayin kashi 3. Tsarin ya bambanta sa'o'in da ake cajin abokin ciniki a kansu, kamar lokacin ba shi shawara ko rubuta masa rahoto, da waɗanda ma'aikaci ya yi aiki amma ba a ɗora wa kowa kuɗinsu, kamar taron ofis da neman sababbin abokan hulɗa. Akantoci da injiniyoyi da kamfanonin ba da shawara sun bi sahu.

Manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta CRM, tsari ne na kwamfuta ko waya da ke buɗe wa kowane abokin ciniki shafi guda, inda ake tara sunansa da wurinsa, da duk wata ziyara ko kira ko saƙo da aka yi masa, da alƙawarin da aka ɗauka, da kuɗin da ake binsa. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a San Francisco a 1999, shi ne ya yi fice wajen samar da ita ta intanet ba tare da an girka ta a kwamfutar ofis ba, kuma a yau akwai irinta da dama, kamar Zoho daga Indiya da Odoo daga Beljiyam. Idan aka haɗa ta da lissafin lokaci, ma'aikaci yakan danna agogo a lokacin da ya fara aiki, ya tsayar da shi idan ya gama, ya rubuta abin da ya yi, sannan manhajar ta liƙa waɗannan mintoci a shafin mutumin da aka yi wa aikin. A ƙarshen wata shugaba yana dubawa ya amince, sai manhajar ta ninka sa'o'in da farashin da aka yi yarjejeniya a kai, ta fitar da takardar neman biya.

Misali zai fayyace amfanin wannan. Idan likitan dabbobi ya yi aikin sa'a 40 a mako, aka ga 26 ne kawai ya yi a garke da kejin kaji, sauran 14 sun tafi a kan babur da rubuta rahoto, to kashi 65 cikin 100 na lokacinsa ne ya kai ga masu dabbobi. Wannan adadi zai nuna wa ƙungiyar da ta ɗauke shi ko za ta haɗa masa ƙauyuka makusanta a rana guda, ko ta ɗauke masa nauyin rubutu, kuma zai kare shi kansa idan wani ya ce bai zo ba.

Kano ba baƙuwa ba ce ga ƙoƙarin bin diddigin lokacin malaman gona. Hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar, wato KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, ta yi aiki da tsarin horarwa da ziyara da Daniel Benor ya tsara, wanda bankin ya yaɗa a Asiya da Afirka. A ƙarƙashinsa kowane malami yana da jadawalin mako biyu, da ranar da aka ware wa kowane rukunin manoma, da ranar karɓar horo, da littafin da mai duba aiki zai sa hannu. Tsarin ya yi tsada, kuma da kuɗin bankin suka janye, abin hawa da alawus suka yi wuya, jadawalin ya rage a takarda. Darasin shi ne rubuta ziyara ba ya haifar da ziyara idan babu man fetur.

Shigowar waya ta sauya abubuwa da yawa. A yaƙi da cutar shan inna, ƙungiyar eHealth Africa, mai ofishi a Kano, ta gudanar da tsarin da ke ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna wurin da mutum yake ta tauraron ɗan'adam, ta yadda da yamma za a ga unguwannin da aka shiga da waɗanda aka tsallake, kuma wannan yana cikin matakan da suka gabaci ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020. A fannin noma, kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa, yana amfani da manhajojin waya wajen rajistar manoma da auna gonaki da bin aikin jami'ansa. Akwai kuma manhajoji kyauta irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ke karɓar bayani ko da babu sabis, su tura shi idan an samu, abin da ya dace da ƙauyukan da layi ke yankewa.

Sai dai agogo yana ƙirga zama ne, ba ya ƙirga amfani. Wanda ake biya bisa sa'a yana iya jan aiki, ƙwararren da ya gano ciwon shuka cikin minti 10 kuma ya tashi da lada ƙasa da na wanda ya shafe yini yana lalube. A wani ɓangaren, shugaban da ya matsa wa ma'aikata su cika adadi zai sa su guji gaisuwa da zaman majalisa da ziyarar mai unguwa, alhali a karkarar Hausa ta nan ne amana ke ƙulluwa, kuma manomi ba ya ɗaukar shawarar wanda bai yarda da shi ba. Haka nan ana bukatar a yanke tun farko ko lokacin tafiya yana cikin lissafi, domin idan ba ya ciki, ƙauyuka masu nisa da matan da ke cikin gida, waɗanda isa gare su ke bukatar ƙarin shiri, su ne za a fara mantawa da su.

Akwai kuma batun sirri. Shafin manomi yana ɗauke da lambar wayarsa da girman gonarsa da bashin da ke kansa, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa duk mai tara irin waɗannan bayanai ya sanar da mai su dalilin tarawa, ya tsare su, kada ya karkatar da su zuwa wata manufa. Bayanin da aka yi wa manomi da Turanci, ya dangwala yatsa bai fahimta ba, bai cika manufar wannan doka ba.

Saboda haka ƙungiyoyin manoma da hukumomi da kamfanonin da ke aiki a wannan yanki ya kamata su tsaya a kan sharuɗɗa uku kafin su sayi kowace manhaja. A rubuta yarjejeniya da Hausa wadda ta fayyace abin da ake caji da wanda ba a caji. A ba manomi ko shugaban ƙungiyarsa damar tabbatar da kowace ziyara ta saƙon waya ko sa hannu. A kuma ajiye lissafin sa'o'i kusa da lissafin amfanin gona da lafiyar dabbobi, a duba su tare bayan kaka. Lissafin da aka gina a kan waɗannan sharuɗɗa zai ba mai ilimi haƙƙinsa cikakke, ya kuma tabbatar wa manomi cewa kuɗin da aka kashe da sunansa sun iso gonarsa.