GWANGWANI DA GORAR ROBA: DUKIYAR DA KE KWANCE A BOLA

A kusan kowane gida na ƙasar Hausa, birni da ƙauye, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a huda gwangwanin madara ko an shanye abin da ke cikin gorar roba ba. Amma ba kowa ne ya damu da inda waɗannan mazubai suke nufa bayan an gama da su ba. Duk wanda ya bi ta gefen Jakara a Kano, ko manyan magudanan ruwa na Kaduna da Zariya da Sakkwato a farkon damina, zai ga inda da yawansu suke ƙarewa, domin can suke taruwa su toshe hanyar ruwa, har ruwan ya rasa wurin bi ya faɗa gidajen jama'a, ya rusa katanga, ya lalata kayan da aka daɗe ana tarawa. Alhali kuwa wannan tarkace da ake zubarwa yana da amfanin da zai rage wa maigida kashe kuɗi, in an san yadda za a sarrafa shi, aka kuma san inda haɗarinsa yake.

GWANGWANIN MADARA

Tun shekarar 1954 madarar Peak ta fara shigowa Nijeriya daga ƙasar Holan. A shekarar 1973 aka kafa kamfanin WAMCO, wanda ya soma yin madarar a Ikeja ta Legas a 1975. Kafin a jima, ɗan ƙaramin gwangwanin nan, wanda ya daɗe yana ɗaukar giram 170, ya sami aikin da masu yin sa ba su nufe shi da shi ba, watau ya zama ma'auni. Masu sayar da shinkafa da wake da gero da sukari suka ɗauke shi abin awo, domin girmansa ɗaya ne ko'ina, saɓanin mudu da tiya waɗanda kan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Ta haka talakan da ba shi da halin sayen mudu ya sami damar sayen gwangwani biyu ko uku, ya kai gida a ɗora tukunya. Har yau ɗin nan uwargida takan ƙiyasta cefanenta da gwangwani, ta san nawa ne zai ishi mutum biyar, nawa ne zai ishi goma.

A madafa kuwa, cikinsa ake zuba ƙullun alala a jera a tukunya, cikinsa ake gasa kek, a babbansa na madarar gari kuma ake adana yaji da kuka da daddawa da gishiri, saboda murfinsa yana hana iska da tururuwa shiga. Maƙeran fari da ke zaune a gefen kasuwanni sukan yanka gwangwani su buga shi su liƙe, su fitar da mazurari na masu sayar da mai, da ma'aunin kananzir, da abin gogar kuɓewa, da fitilar nan aci-balbal wadda masu tsire da masu ƙosai da 'yan talla suka daɗe suna kasuwar dare da ita. Yara su ma ba a bar su a baya ba. Sukan tsaga murfi su mai da shi asusu, ko su haɗa gwangwanaye da kara da tsohon silifa su ƙera mota mai ƙafa huɗu, kuma daga irin wannan wasa ne hannun yaro yakan fara sabawa da aikin ƙira.

ZUWAN ROBA

A wancan zamani gwangwani bai zame wa gari matsala ba, saboda dalili biyu. Na farko, bai yi yawan da zai fi ƙarfin masu bukatarsa ba. Na biyu, ƙarfe ne, in ya kwana biyu a ƙasa tsatsa takan cinye shi. Gorar roba ta zo da wani hali dabam. A shekarar 1973 ne wani injiniya na kamfanin DuPont a Amurka, mai suna Nathaniel Wyeth, ya yi rajistar gorar da ake yi da nau'in robar da ake kira PET, wadda take iya riƙe lemo mai gas ba tare da ta fashe ba. Ba ta da nauyi, ba ta karyewa kamar kwalba, kuma ba a mayar da ita wurin mai kanti kamar yadda ake mayar da kwalabar lemo a da. Saboda haka kowace gora da aka sayar, nan take zama a hannun jama'a. Ga shi kuma ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, masana suna ƙiyasta cewa takan yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa kafin ta narke.

Duk wanda ya juya gindin gora zai ga wata 'yar lamba cikin alama mai kusurwa uku. Tun 1988 aka fara sa waɗannan lambobi don a bambanta ire-iren roba. Lamba 1 ita ce PET, watau garai-garai ɗin nan ta ruwan sha da lemo. Lamba 2 kuwa ita ce mai kauri wadda ake yin jarkoki da wasu gorunan madara da ita. Sanin wannan yana da amfani, domin mai lamba 1 ba ta jure zafi, da an zuba mata tafasasshen ruwa ko kunu mai zafi sai ta lanƙwashe.

AYYUKAN CIKIN GIDA

Mata masu sana'a a cikin gida su ne kan gaba wajen sake amfani da gora. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemon citta da man gyaɗa da manja, duk cikinta suke fita kasuwa, har ya zama akwai masu cin abinci da tara goruna kawai suna wankewa suna sayarwa. Bayan wannan akwai waɗansu ayyuka da kowane gida zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba.

In aka yanke gora gida biyu, saman ya zama mazurari, ƙasan kuma, in an huda gindinsa aka cika shi da ƙasa da taki, ya zama wurin renon tumatir ko barkono ko zogale kafin a dasa. Wanda ya dasa itace a ƙofar gidansa yana iya huda gora da allura wuri uku ko huɗu, ya binne ta kusa da saiwar, ya bar bakinta a waje yana cika ta da ruwa. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kaɗan-kaɗan zuwa saiwar, ba ya gudu, rana kuma ba ta shanye shi. A jihohin da ke bakin hamada irin su Yobe da Jigawa da Katsina, inda ƙishirwar rani ke kashe dashe da yawa, wannan dabara ba abin renawa ba ce.

Jarka mai lamba 2 kuma takan yi aikin rumbu. Wake in ya bushe sosai, aka cika jarka da shi har baki, aka ɗaure murfi yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, waken ya yi watanni lafiya ba tare da an barbaɗa masa magani ba. Sharaɗin kawai shi ne kada a riƙa buɗewa. Haka kuma ƙaramar jarka da aka huda kusa da bakinta, aka rataye a sanda, aka ɗaura mata igiyar da za a taka da ƙafa, takan zama famfon wanke hannu a ƙofar bayi ko a makaranta, ruwa kaɗan ya ishi yara da yawa.

Akwai kuma hanyar tsabtace ruwan sha da hasken rana, wadda masana a Bairut ta ƙasar Labanan suka fara bincike a kanta wajen shekarun 1980, daga baya wata cibiyar binciken ruwa ta ƙasar Suwizalan ta faɗaɗa ta. Akan cika gora mai lamba 1, wadda ba ta wuce lita 2 ba, da ruwan da ba shi da dauɗa, a kwantar da ita bisa kwanon rufi awa 6 cikin rana mai ƙarfi, ko kwana 2 in akwai gajimare. Hasken da zafin sukan kashe ƙwayoyin cutar gudawa. Sai dai ruwa mai laka dole a tace shi tukuna, kuma wannan hanya ba ta cire guba daga ruwa.

A ƙasar Barazil kuwa, a shekarar 2002, wani makanike mai suna Alfredo Moser ya cika gora da ruwa da ɗan bilic don hana gansakuka, ya huda kwanon rufi ya soka ta rabi a waje rabi a ciki, ya liƙe gefen. Hasken rana da ya ratsa ruwan sai ya bazu cikin ɗakin kamar ƙwan lantarki mai wat 40 zuwa 60. Da rana kaɗai take aiki, amma ta dace da shaguna da ɗakunan da ba su da taga.

GIDAN GORA A KADUNA

Wani babban aiki da aka yi da gora a Arewa shi ne wanda ƙungiyar DARE, mai kula da bunƙasa makamashin da ba ya ƙarewa, ta yi a ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna a shekarar 2011. An bi dabarar wani Bajamushe ne, Andreas Froese, wanda ya fara irin wannan gini a ƙasar Honduras. Akan ɗura busasshen yashi cikin gora a danna shi har ya yi tauri, a rufe, sa'an nan a jera gorunan a kwance kamar tubali, a haɗa su da laka ko siminti, a ɗaure wuyansu da igiya. Gida ɗaya ya ci dubban goruna, kuma samari marasa aikin yi ne aka koya wa ɗurin da ginin. Kaurin bangon yana sa ɗaki ya yi sanyi, kamar yadda ginin ƙasa na gargajiya yake yi.

INDA HAƊARIN YAKE

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka rena shi ke tsone maka ido. Babban haɗari shi ne zuba kananzir ko fetur ko fiya-fiya cikin gorar lemo a ajiye a ƙasa, domin yaro ƙarami ba ya bambanta su da abin sha, kuma shan kananzir yana cikin manyan abubuwan da ke kai ƙananan yara asibiti da guba. Na biyu, jarka ko gorar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi na gona ba ta sake dacewa da ruwan sha ko abinci ba, ko da sau nawa aka wanke ta. Na uku, gorar da aka tsinto daga bola ko harabar asibiti, in ba a wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta ba, tana iya kai cutar amai da gudawa ko taifot har cikin zoɓon da za a sayar. Mai sana'a da ke son sunanta ya ɗore sai ta san inda gorunanta suka fito.

Har wa yau, gwangwanin da aka yar a buɗe yakan tara ruwan sama, ya zama wurin ƙyanƙyasar irin sauron nan mai yaɗa cutar shawara, don haka a kife shi ko a huda gindinsa. Wanda ya yi tsatsa a daina dafa abinci a ciki, a kuma daddanne bakinsa mai kaifi kafin a bai wa yaro. Ƙona roba a tsakar gida, ko hura wuta da ita, yana fitar da hayaƙi mai illa ga huhu, musamman ga jarirai da tsofaffi.

ABIN DA YA RAGE A YI

Duk dabarun nan ba za su cinye gorunan da ake zubarwa kullum ba, domin gida ɗaya ba ya bukatar mazurari ashirin. Ragowar sai ta bi hannun 'yan jari-bola da 'yan gwangwan, waɗanda suke yawo unguwa-unguwa suna saye a kan sikeli, su kai wa dillalai, daga nan a niƙa robar a narka ta a yi waɗansu kayayyaki. Aikin waɗannan bayin Allah zai yi sauƙi, kuma kayan zai fi daraja, in kowane gida ya ware buhu ɗaya na gora, ɗaya na gwangwani, bai haɗa su da sauran shara ba.

Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da mazuban abinci na soso a watan Janairun 2024, ta kuma fara zartar da hani a kan waɗansu robobin da ake amfani da su sau ɗaya daga 1 ga Yulin 2025, ko da yake hanin bai shafi gorar ruwa ba. Ya kamata hukumomin tsabta na jihohin Arewa da ƙananan hukumomi su tanadi wuraren tara goruna a kasuwanni da tashoshin mota da wuraren biki, masu unguwanni su sa ido a kan masu zuba shara a kwata, malaman firamare kuma su mai da gwangwani da gora kayan koyar da aikin hannu. In aka fara tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka magudanai za su kasance a buɗe, kuma rigakafi ya fi magani.