Shin Ko Kun San? Farin Haƙori da Yaran New Bell

Shin ko kun san haƙorin da ke fitowa bayan yaro ya yi famfara ya fi na farko duhu? Haka halittarsa take. Na yarinta guda 20 fari ne tas, su kuwa na girma guda 32 suna da kaurin ɓargon ciki mai ruwan ɗorawa, wanda ke leƙowa ta cikin farin ɓawon waje. Daga shekara 6 zuwa wajen 12 iri biyun suna zaune a baki ɗaya, sai uwa ta duba ta ce ɗanta ba ya wanke baki. Daga nan a ɗauko gawayi da lemon tsami.

To, a nan ɓarnar take. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya yi ƙasa da 5.5, shi kuwa ruwan lemon tsami yana wajen 2. Tsami ya tausasa, gawayi ya kankare, kuma abin da ya tafi ba ya sake tsirowa. Yarinyar da ke dirzar baki kullum don hoton TikTok, ɗorawar da take gudu ita take tonowa.

Shin ko kun san tun 2012 dokar Tarayyar Turai ta ce mai faranta haƙori da ya haura kashi 0.1 cikin 100 na hydrogen peroxide sai ta hannun likitan haƙori, iyakarsa kashi 6, kuma ba a sa wa wanda bai kai 18 ba? Jijiyar sabon haƙori tana kusa da waje, shi ya sa ruwan sanyi ke sa yaro tsalle bayan an shafa masa. Tashar jiragen ruwan Duwala da ke bakin kogin Wuri tana sauke kaya har na Cadi da Afirka ta Tsakiya, kaya iri-iri ke shigowa, don haka kafin ku sayi wani kwalin mai faranta haƙori a Kasuwar Kwango ko a intanet, ku juya bayansa ku nemi adadin hydrogen peroxide da ke ciki. In babu shi, ku ajiye musu kayansu.

Wani tabon ma daga ciki yake. Yaron da ya taso a yankin Mayo Tsanaga, wajen Marwa, inda ruwan wasu rijiyoyi ya haura miligiram 1.5 na fuloraid a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, kan zo unguwar New Bell ta Duwala da ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa a haƙori. Maganin tetracycline ma yana rina haƙorin yaron da bai kai 8 ba. Ko asuwaki nawa aka cinye ba zai taɓa waɗannan ba, aikin likita ne.

Af, ku tambayi kakanninku mata: a zamaninsu goro da fure ake ci don haƙori ya yi ja, kuma wannan ne adon budurwa.