BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Tun ran 27 ga Agusta 1991, da aka yanki Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse babban birninta, garin nan na cikin duwatsu da itatuwan dabino bai daina girma ba. Ma'aikatan gwamnati sun zo da iyalinsu, 'yan kasuwa suka biyo su. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗalibai kuma suka ƙaru. Inda jama'a ta taru kuwa, tilas a hura wuta a ɗora tukunya. Shi ya sa a unguwanni kamar su Takur da Danmasara da Gida Dubu, da bakin hanyar Kiyawa, ba a daɗewa sai an ga sabon gidan abinci, da sabon fenti da sababbin kujeru.

Akwai wani abu kuma da iyaye suka saba gani, watau gudu. Makarantun sakandare sukan shirya tsere tsakanin gidajen ɗalibai. Masu yi wa ƙasa hidima a sansaninsu na Fanisau sukan tashi tun da asuba su motsa jiki. Waɗansu samarinmu ma sun ji labarin gudun famfalaki na Legas, wanda aka soma a 2016, da tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, wanda aka soma a 2013, zuciyarsu tana can.

To, ina abin da ya haɗa sabon gidan abinci da tsere? A gidajenmu suke haɗuwa. Yaro ko yarinya ta yi wata biyu ko uku tana shiri. Gobe ne tseren. Sai abokai su zo da yamma su ce, “Taso mu je mu ɗanɗana girkin sabon wurin nan, ka sami ƙarfin gobe.” Amsar da yaron zai bayar a bakin ƙofa ita ce farkon tserensa. Shawararmu ita ce, a je, amma ba a wannan dare ba.

Abin da ciki yake yi sa'ad da ƙafa take gudu

Allah ya yi jikin mutum da hikima. Sa'ad da muka ci abinci, jini mai yawa yakan nufi ciki da hanji domin aikin narkarwa. Sa'ad da muka soma gudu kuwa, jiki yakan janye jinin nan ya kai shi ga ƙafafu, da fata kuma domin fid da zafi. Ashe mai gudu da cikakken ciki ya ba jikinsa aiki biyu masu jan juna. Daga nan murɗawar ciki take zuwa, da tashin zuciya, wani lokaci har da gudawa.

Abinci mai nauyi yakan yi wajen sa'a 3 zuwa 4 kafin ya bar ciki, mai maiƙo da yawa yakan fi haka daɗewa. Wake da ɗanwake da alale abinci ne masu gina jiki, amma sukan kumbura cikin waɗansu. Yaji mai yawa yakan tayar da hanji. Abin da ƙafa take ƙonawa a tsere shi ne ƙarfin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta daga hatsi da shinkafa da dankali. Saboda haka tuwon da aka saba ci a gida, da miyar kuka ko kuɓewa marar mai da yawa, ya isa daren tsere. Da safe a sha koko ko kunu, ko shayi da ɗan burodi, sa'a 2 ko 3 kafin a busa usur. Dabino biyu ko uku, wanda Allah ya wadata ƙasar Dutse da shi, yana ba da ƙarfi da sauri, in dai an riga an gwada shi a lokacin horo.

Ba muna cewa girkin sabon gida ba shi da kyau ba ne. Mai yiwuwa ya fi na gidanmu daɗi. Maganar ita ce cikinka bai san shi ba tukuna. Ba ka san yawan man da suke sawa ba, ko irin yajin, ko ruwan da aka dama furar. Daren tsere ba daren bincike ba ne.

Mai kai wasiƙa daga Kuba

A Wasannin Olamfik na 1904, a birnin St. Louis na Amurka, an yi gudun famfalaki cikin zafi da ƙura. Mutum 32 suka tashi, 14 kaɗai suka kai ƙarshe. A cikinsu akwai wani mai kai wasiƙa daga tsibirin Kuba, sunansa Félix Carvajal. Masu rubuta tarihin wasanni sun ce kuɗin guzurinsa a caca ya ƙare tun a hanya, ya iso da yunwa, da tufafinsa na yawo, har sai da aka yanke masa ƙafafun wando kafin a tashi. Ana cikin gudu ya ga wani lambu, ya ratse ya tsinki tuffa ya ci. Ashe ruɓaɓɓu ne. Ciki ya murɗa, ya kwanta a gefen hanya. Da ya tashi ya ci gaba, ya zo na huɗu.

Dubi ƙarfin mutumin nan! Da ya tsare guzurinsa, ya ci abin kirki a kan kari, wa ya san inda zai tsaya? Ƙafarsa ba ta gaza ba. Rashin shiri ne ya kai shi lambun. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yaushe za a je, me za a duba?

Mai sabon gidan abinci maƙwabcinmu ne. Wataƙila gwauruwa ce da take neman kuɗin makarantar 'ya'yanta. Wataƙila saurayi ne da ya ranto jari. Ko mai bi ne ko Musulmi, ya kamata gidan Kirista ya yi masa barka da buɗe wuri, ya kuma yi ciniki da shi. Zaman lafiya a unguwa da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake gina shi. Sai dai mai shirin tsere ya je tun da sauran mako biyu ko uku, a ranar da ba shi da gudu mai wuya washegari. In cikinsa ya karɓa, madalla, ya sami wurin zuwa. In bai karɓa ba, yana da kwanakin warkewa.

Duk wanda ya je, mai tsere ko marar tsere, ga abin da zai lura da shi. Abincin yana da zafi, yana tururi, ko tun safe aka kwashe shi? Dafaffen abinci da ya wuce sa'a 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ƙwayoyin cuta sun soma yawaita a ciki. An rufe kwanuka, ko ƙudaje suna sauka? Akwai ruwa da sabulu na wanke hannu, ana zuba wa mutum daga buta, ko kowa a kwano ɗaya yake tsoma hannu? Mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa nama? Daga ina ruwan sha yake? Ɗanyen ganye kamar latas da kabeji, da ƙanƙarar da ake sawa a zoɓo, su ne suka fi bukatar tambaya.

Wannan ba tsegumi ba ne. A 2021 cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ta ruwa da abinci marasa tsabta take shiga, takan nuna kanta daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 5. Zazzaɓin taifot yakan yi mako ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana. In gudawa ta kama wani a gida, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi, a kai shi asibiti in abin ya yi yawa. Wanda ya kwana yana gudawa kada ya yi tsere, ko da sunansa yana kan takarda. A watan Afrilu zafin Dutse yakan wuce digiri 40, gudu cikin irin wannan rana da jikin da ruwa ya ƙare masa yana iya kai mutum kabari.

In kun ga abin gyara a sabon wurin, ku faɗa wa mai shi a keɓe, da ladabi. Kada a bi unguwa ana ɓata masa suna.

Shirin zuciya

Yanzu bari mu koma ga yaron da yake tsaye a bakin ƙofa, abokai suna jiransa. In sai a lokacin nan zai soma tunanin ko ya je ko kada ya je, da wuya ya ƙi. Amma in tun mako biyu ya riga ya yanke abin da zai ci da lokacin da zai kwanta, amsa ba za ta yi masa wuya ba. Shirin zuciya ke nan: a yanke shawara tun hankali yana kwance, domin kada kwaɗayi ko tsoro su yanke mana ita a ranar.

Eric Liddell ɗan ƙasar Sikotilan ne, ɗan masu aikin bishara, an haife shi a ƙasar Sin a 1902. Gwaninsa tseren mita 100 ne. Da ya ji cewa za a yi zagayen farko na tseren nan ran Lahadi a Wasannin Olamfik na Faris, a 1924, ya ce ba zai yi ba. Ba a bakin fili ya faɗa ba. Tun da sauran watanni ya sani, ya faɗa, ya juya ya shiga horon mita 400. Ran 11 ga Yuli 1924 ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. A 1925 ya koma Sin aikin bishara, a can ya rasu a sansanin fursunoni na Japanawa a 1945. Ba kowane mai aminci ne zai ci zinariya ba. Abin koyo a wurinsa shi ne ya shiga fili da zuciya ɗaya, gama ya gama gardama da kansa tun a gida.

Ga waɗansu abubuwa da za a yanke tun da wuri. Ka san hanyar. In a titi za a yi, ka bi ta da ƙafa ko da keke, ka san inda hawa yake. In a filin wasa ne, zagaye ɗaya mita 400 ne, watau kilomita 5 zagaye 12 da rabi ke nan. Ka rarraba nisan a zuciyarka gida uku: na fari da sannu, na biyu ka riƙe, na uku ka ba da abin da ya rage. Yawancin sababbin masu tsere a kashin fari suke ƙone kansu, domin sun bi ihun 'yan kallo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka sani gajiya za ta zo, wata murya za ta ce maka ka tsaya. Ka shirya mata amsa tun yanzu: “Bari in kai itacen can tukuna.” Amma ka rarrabe gajiya da ciwo. Jiri, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewar kai, alamar tsayawa ce nan da nan, babu kunya a ciki. Kada ka sa sabon kambas ranar tsere, zai yi maka bororo. Ka shirya kayanka tun da dare. In zuciya tana bugawa da safe, kada ka ce rashin bangaskiya ne, jiki ne yake ɗaura ɗamara. In barci ya ƙi zuwa daren tsere, kada ka damu ƙwarai, barcin kwanakin baya zai riƙe ka.

Aikin mutanen gida

Ku iyaye, a nan ake bukatarku. Uwa ta girka abin da yaron ya saba da shi, da wuri, kafin dare ya yi nisa. Uba ya rage masa aike a ranar. Kada a ce masa, “In ba ka zo na ɗaya ba kada ka dawo mana.” Wannan kaya ne aka ɗora masa, da shi zai yi gudu. A Olamfik na 1968 a Meziko, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya fāɗi ya ji ciwo a gwiwa, ya shigo fili na ƙarshe, fiye da sa'a guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci. Har yau ana tunawa da shi domin ya gama abin da aka aike shi. A addu'ar iyali ta dare, a roƙa wa yaron lafiya da gaskiya da jimiri, a roƙa wa abokan tserensa ma haka.

Manzo Bulus ya san wannan magana. Kusa da Koranti akan yi manyan wasanni shekara biyu biyu, ladan mai nasara kuwa kambin ganye ne da yake bushewa. A sura 9 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa ya ɗauki masu tseren nan misali, ya nuna yadda suke hana kansu abubuwa saboda lada mai wucewa, balle mu da muke sa zuciya ga madawwami. Isuwa kuwa, a Farawa sura 25, ya dawo daga jeji da yunwa, kwano ɗaya na fate ya raba shi da matsayinsa na ɗan fari. Faten ba haram ba ne. Isuwa ne bai auna abin da yake bayarwa ba. Yaron da ya koyi cewa “ba yau ba” ga abinci mai kyau saboda tseren gobe, ya koyi kalmar da za ta cece shi ranar da aka miƙa masa giya, ko ƙwaya, ko kuɗin da ba nasa ba.

Bayan tsere fa? Ko ya zo na ɗaya ko na ƙarshe, a bar shi ya sha ruwa ya huta, ya yi wanka. Da yamma sai iyali duka su ɗunguma zuwa sabon gidan abincin, a gai da mai wurin, a zauna, a yi godiya ga Ubangiji, a ci da farin ciki. Ranar nan ko an ƙara yaji babu laifi.