Haruna Uji: Gurmin Haɗeja da Danginsa na Hayin Teku

A shekarar 1946 aka haifi Haruna a unguwar Gandun Sarki da ke cikin garin Haɗeja, shekara 40 bayan Turawa sun fasa garin sun kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran unguwa, amma abin da ya kama zuciyarsa tun da ƙuruciya shi ne gurmi, kuma da shi duniya ta san shi da sunan Haruna Uji.

Gurmi ba wani kayan a zo a gani ba ne. Ɓarin duma ne aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsarkiya biyu ko uku. Ba ya cikin kayan fada. Fada tana da tambari da kakaki da algaita, makaɗan sarakuna suna da kotso da taushi. Gurmi na 'yan kokawa ne da samarin dandali, na wanda ya gaji da aikin gona ya zauna ƙofar gida da dare. A zamanin da Uji ya taso, Mamman Shata yana tashe da kalangu da zugar 'yan amshi, Musa Ɗanƙwairo yana cika fadoji da kotso, Garba Supa da Hassan Wayam suna raba dare da kukuma. Yaron Gandun Sarki ya shigo wannan fili da dumansa a hannu, shi ke kaɗawa shi ke rerawa, kuma aka matsa aka ba shi wuri.

Abin da ya ba shi wurin, a ganina, ƙarfin hali ne. A wancan lokaci abincin makaɗi yana bakin masu sarauta da attajirai. Ka wasa mutum, ka ambaci kakanninsa, ya ba ka riga ko doki ko mota. Uji ma ya yi wa masu hali waƙa, don sana'a ce. Sai dai waƙoƙin da suka ɗaga shi na soyayya ne, kuma biyu daga ciki har yau ko yaro ya ji sunansu: Jummai da Balaraba. A tuna irin kunyar Bahaushe na wancan zamani, inda magidanci kan yi shekaru bai kira sunan uwargidansa a gaban mutane ba, sai dai ya ce "mai ɗakina" ko "mutanen gidan". Cikin irin wannan al'umma namiji ya tsaya a gidan rediyo yana kiran sunan mace, yana faɗin begenta, yana nuna cewa rashinta na cin sa. Dattawa suka yi tsaki, samari suka haddace. Abin da dubban maza suka ƙunsa a ciki ba su iya furtawa, shi ya furta musu, kuma ya yi shi ba tare da batsa ba.

Masu sauraronsa na farko mutanen fadama ne. Ƙasar Haɗeja ƙasar ruwa ce: kogi ya cika da damina ya malala, ya janye da kaka ya bar wa manomi shinkafa, ya bar wa masunci kifi, ya bar wa makiyayi ciyawa. Uji yana cikin ƙarfinsa aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daga baya ta Challawa ta biyo a 1992. Tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, wasu gonaki suka bushe wasu suka nutse. Matasa da yawa suka kama hanyar cirani zuwa Kano da Legas da Maiduguri. A tashar mota da rumfar mai shayi, kaset ɗin Uji ne ke tuna musu gida da wadda suka baro.

To ga inda labarin ya zama abin mamaki. A 1964 wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya ɗauki muryar wani Bahaushe mai goge a ƙasar Kamaru. Da ya ajiye ta kusa da faifan da Big Joe Williams, baƙar fata ɗan jihar Misisifi ta Amurka, ya yi a 1935, sai ya ji jan murya iri ɗaya da yadda tsarkiya ke amsa wa mai waƙa iri ɗaya. A littafinsa na 1999 kan Afirka da kiɗan buluz, ya kafa hujjar cewa buluz na karkarar Misisifi ya ɗebo da yawa daga yankinmu na sahel, har da ƙasar Hausa, ta hannun bayin da aka kwashe. Kayan kiɗan banjo na farko da bayi suka ƙera a hayin teku ma duma ne da fata da sanda. Duk wanda ya ga hotonsa ya ga ɗan'uwan gurmi.

Hatta ƙasar ta yi kama. Buluz ya girma a fadamar kogin Misisifi, cikin manoman auduga masu noma gonar wani. Ambaliyar 1927 ta raba dubban ɗaruruwansu da gidajensu, kuma mawaƙin buluz Charley Patton ya yi mata waƙa a 1929. Mutumin Auyo ko Guri ko Kirikasamma da ya kwana a kan tudu a damunar 2020 ko ta 2022 ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane abin da ke cikin wannan murya. Uji bai aro komai daga Amurka ba. A gida ya tarar da abinsa, bayin da aka kwashe ne suka tafi da guzuri daga nan.

Wasu sun ci moriyar wannan zumunci. Ali Farka Touré na Niafunke a Mali ya karɓi kyautar Grammy da faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994. Malam Maman Barka na Nijar, malamin makaranta da ya koma kaɗa gurmi, ya kai kiɗansa dandalin Turai kafin rasuwarsa a 2018. Har a yankin Wales na Birtaniya, Laura Evans, wadda aka fara sani a wasan talabijin na yara, ta koma rera buluz da waƙar karkarar Amurka, ta fitar da faifanta a 2022, tana ci da sana'ar. Kiɗan da aka raina a ƙofar gida ya zama abincin mutanen da ba su taɓa ganin duma a gona ba.

Haruna Uji ya rasu a 2003, Allah ya jiƙansa. Shekarar ce Amurka ta keɓe sukutum don girmama buluz, har Martin Scorsese ya fitar da fim da ya bi sawun kiɗan zuwa Mali. Sawun bai ƙaraso Haɗeja ba, kuma laifin ba na baƙo ba ne. Yawancin abin da ya rage na muryar Uji yana cikin tsofaffin kaset da zafi da ƙura ke ci, sai guntayen da masu kishi suka ɗora a YouTube da sauti mai shaƙewa.

Jami'ar Sule Lamido tana nan Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja. Ina roƙon malamanta da masarauta da gidan rediyon Jigawa su haɗa kai su tattara waƙoƙin nan, su juye su a na'ura, su rubuta baitocin, su zauna da tsofaffin da suka yi zamani da shi tun suna da rai. Kai kuma mai karatu, in akwai kaset ɗin Uji a akwatin mahaifinka, kada ka bari a zubar da shi.