SALLAR LAYYA: HAKKIN BISASHEN GIDA A KANMU

Da zarar an ga watan Zulhajji, garuruwan ƙasarmu sukan sake kama. Daga kasuwar Turaku ta Yamai har Tawa, Maraɗi da Damagaram, ba a jin komi sai kukan raguna da muryar dillalai. Magidanta suna lissafin kuɗi, mata suna tanadin mai da kayan yaji, yara suna zaryar gidan tela. Amma a cikin wannan hidima akwai waɗansu ƴan gida da ba su da bakin faɗin abin da ke damunsu, wato ragon da aka turke a tsakar gida, da dokin da za a hau, da kare mai gadin ƙofa, da kyanwa mai tsaron rumbu. A kwanakin salla sukan gamu da wahalar da ba su gamuwa da ita a sauran shekara, kuma ciwonsu yakan zama asarar dukiya, wani lokaci ma ya tsallako cikin iyali. Saboda haka muka ga ya dace mu tunatar da masu karatu abin da ya kamata a kiyaye.

Daga kasuwa zuwa turke

Malamai sun bayyana cewa ba a layya da bisa mai ciwo bayyananne, ko mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko ramammiya. A nan maganar malamai da ta likitocin bisashe ta zo ɗaya. Mai sayen rago, ko balami ne ko uda ko ara-ara, kada girman ƙaho ya ɗauke masa hankali. Ya dubi ido ko yana kwantsa, ya dubi hanci ko yana majina, ya buɗe baki ko akwai gyambo, ya ɗaga wutsiya ko akwai alamar zawo. Waɗannan alamu in sun haɗu da zazzaɓi sukan nuna annobar ƙananan bisashe, wadda aka fara ganewa a Kodebuwa a 1942, kuma ƙasashen duniya suka yi alkawari a Abijan a 2015 za su kawar da ita nan da 2030. Ba ta kama mutum, amma tana iya share garke. Takan yi kwana 4 zuwa 6 a jikin bisa kafin ta fito fili, don haka rago yana iya barin kasuwa garau, ya zo ya shafa wa awakin uwargida. Sabon rago a yi masa turkensa dabam da kwanon ruwansa dabam. Tumaki da awakin gida kuwa a kai su rigakafi in ma'aikatan kiwo sun fito, domin allura ɗaya tana tsare bisa shekara 3 ko fiye.

Ɗauko rago daga kasuwa shi ma sai da lura. Mun sha ganin an ɗaure masa ƙafafu huɗu an ɗora bisa rufin mota cikin rana, ko an cusa raguna a kamyo har wani ya danne wani. Sallar layya tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2016 an yi ta cikin watan Satumba, da damina, amma a 2025 an yi ta a farkon Yuni, kuma daga nan tana shiga tsakiyar bazara ne, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yawancin jahohinmu. A yi tafiya da sassafe ko da maraice. In an iso gida a ba rago inuwa da ruwa da busasshiyar ciyawa, a bar shi ya huta kafin a ba shi wani abu mai nauyi.

Ƙoshin da ke kisa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum yakan sayi rago saura kwana 5 salla, ya ce sai ya ƙara masa ƙiba, ya zuba masa tiyar hatsi, yara su ƙara masa sauran shinkafa da tuwo. Ga abin da ke faruwa. Tumbin rago cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa. In aka zuba musu hatsi mai yawa gaba ɗaya alhali ba su saba ba, sai abincin ya yi tsami, tsamin ya kashe su, ya ƙona bangon tumbi, ya shiga jini. Cikin kwana ɗaya ko biyu rago ya daina tuƙa, ciki ya kumbura, ya kama zawo mai wari, ya yi ta tangaɗi har ya kwanta. Wani ba ya sake tashi. Wanda ya ga haka ya ɗauke hatsin nan take, ya bar ciyawa kaɗai, ya nemi likitan bisashe. Hanyar tsira ita ce a tambayi mai sayarwa abin da ragon ya saba ci, a ci gaba da ba shi. In za a sake masa abinci, a yi kaɗan-kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14, kuma harawa ko burgu ko ganyen gujiya su fi hatsi yawa.

Masu kiwon turke na wata da watanni suna da tasu matsalar. Ragon da ke cin dussa zalla ba ya samun isasshen ruwa yakan tara tsakuwa a mafitsara, kuma da yake hanyar fitsarin namiji doguwa ce siririya, tsakuwar takan toshe ta. Za a ga yana yunƙuri yana kuka, fitsari yana ɗiga kaɗan ko ya tsaya ɗungum. Wannan ba ciwon da ake jira da shi ba ne, don mafitsara tana iya fashewa. Babban rago yana shan lita 4 zuwa 6 a yini, ya fi haka in zafi ya tsananta. Kada kwanon ruwa ya bushe, kuma ɗan gishiri yana sa shi ƙara sha.

Sai leda. Dokar da aka kafa a 2014 ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita a ƙasarmu, amma duk wanda ya taɓa buɗe tumbin tunkiyar birni ya san abin da ake tararwa a ciki. Ranakun salla sayayya takan yi yawa, ledar da ta taɓa mai ko gishiri kuwa bisa ba ta ƙyale ta. Ba ta narkewa, sai ta dunƙule ta cika tumbi, bisa tana ci tana ramewa. A share inda aka turke, safe da maraice.

Akwai kuma waɗanda ke sayen ƙwaya ko allura a bakin kasuwa su ɗirka wa rago ana gobe salla. Magani yakan daɗe a cikin nama, waɗansu allurai sai bayan sati 3 ko 4 ko fiye suke fita, kuma wuta ba ta kawar da su duka. Wanda ya yanka kafin wa'adin, iyalinsa ne za su sha sauran maganin. Likita ne ya san wa'adin kowanne.

Ranar yanka

Addini ya yi umarni a kyautata wa abin yanka: wuƙa ta zama mai kaifi, kada a wasa ta a gabansa, kada a yanka wani yana kallo. Lafiyar mai yanka ita ma abin kiyayewa ce. A 2016, daga watan Agusta, zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaraden da Tasara cikin jahar Tawa, ya kashe bisashe, mutane kuma suka rasa rayukansu. Yana shiga mutum ta jini da kayan cikin bisa marar lafiya. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa, kowa ya wanke hannu da sabulu, a haƙa rami a rufe jini da kashin tumbi.

A nan ne za mu zo kan wata ɗabi'a da mutane ke ɗauka kyautatawa ce alhali ɓarna ce. In mai fiɗa ya ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, sai ya yanke wurin ya jefa wa kare. Wannan ƙulli cike yake da ƴaƴan tsutsa. In kare ya ci shi ɗanye, tsutsar takan girma a hanjinsa, tsawonta bai kai santimita 1 ba, shi kuma ba ya nuna alamar ciwo. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare, ya manne a gashinsa, ya faɗa ƙasa da ciyawa. Tunkiya ta ci, ƙullin ya fito mata. Yaron da ya yi wasa da karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma ƙullin ya kama hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma a ɓoye, har a kai ga aikin likita. Haka nan akwai wata tsutsar da ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya, ita ce ke sa ta juyawa wuri ɗaya, kuma ta kan da aka ba kare ɗanye take yaɗuwa. Magani yana hannunmu: duk kayan cikin da ba a yarda da shi ba a ƙone shi, ko a binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba. Karen gida kuma a riƙa ba shi maganin tsutsa bisa shawarar likita.

Kare da kyanwa a bakin wuta

Al'adarmu ce a shimfiɗa rago bisa itace a jera shi gefen babbar wuta ya yini yana gasuwa, washegari a raba a soya. Ƙanshin nan yana kiran karnuka daga nesa. Ɗanyen ƙashi da gasasshe ba ɗaya ba ne: wanda wuta ta taɓa yana tsagewa kamar kwalba, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Tsinken tsire shi ma haka. Kitse mai yawa gaba ɗaya yana sa kare amai da ciwon ciki mai tsanani. Albasa da tafarnuwa kuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jinin kare da na kyanwa, don haka sauran miyar salla ba abincinsu ba ne. Wanda yake son ya yi musu salla ya dafa musu tsoka kaɗan ba yaji.

Bayan yanka ƙudaje da ɓeraye sukan yi yawa, sai a fesa magani ko a ajiye guba. Kyanwa tana lasar jikinta, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai shiga, kuma ɓeran da guba ta kashe yana iya kashe wadda ta ci shi. A fitar da ita kafin a fesa, a kwashe mushen ɓera. Kada kuma a ba ta maganin mutane: ƙwayar parasetamol guda ɗaya ta isa ta kashe kyanwa.

Babban haɗari shi ne haukan kare. Yara suna yawon barka da salla gida-gida, karnuka sun taru suna faɗa a kan ƙashi, ƙarar bindiga da petar ta firgita su, kare mai tsoro kuwa yana cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana, sai dai haƙuri. Amma tun 1885, da Luwi Fastor ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira, an san ana tare shi kafin ya bayyana. A yi wa kare da kyanwa rigakafi tun suna wata 3, a riƙa sabuntawa. Ranar salla a ɗaure kare a inuwa nesa da baƙi, da ruwansa. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya nufi gidan likita a ranar, kada ya jira salla ta wuce. Karen da ya yi cizon kuma a tsare shi likitan bisashe ya duba shi.

Dokin hawa

A Damagaram da sauran garuruwan sarauta, salla ba ta cika sai da hawa. Amma dokin da ya yi watanni a turke ba a kilisa da shi, in aka tashe shi rana ɗaya aka ɗora masa kaya masu nauyi aka yi ta sukuwa cikin zafi, an zalunce shi. A fara motsa shi sati 2 ko 3 kafin salla. Doki ba ya iya amai, saboda haka hatsin da aka cika masa ba shi da mafita, sai ciwon ciki, ya yi ta birgima yana duban kwiɓinsa. Yana buƙatar lita 30 ko fiye a yinin zafi. In an sauka a kwance majayi, a zagaya da shi a hankali har numfashinsa ya daidaita, a shayar da shi, sai daga baya a ba shi hatsi. A duba ƙarƙashin sirdi da bakin linzami da inda ƙaimi ya taɓa, a wanke kowane rauni, domin doki yana da saurin kamuwa da ciwon sandarewa wanda likitoci ke kira tetanos.

Ya ku masu karatu, kiwo shi ne babban arzikin ƙasarmu bayan noma, kuma ragon da ya mutu a turke ana gobe salla guzurin wata da watanni ne ya salwanta. Abin da muka lissafa a sama ba ya bukatar kuɗi mai yawa, inuwa ce da ruwa da shara da rami, sai kuma sanin inda ma'aikacin kiwo na unguwa yake tun kafin a rufe ma'aikatu don hutu. Wanda ya karanta ya faɗa wa maƙwabcinsa da bai samu karantawa ba. Allah ya kai mu sallar lafiya, mu da abin da muke kiwo.